Ƙarin ɗaki a gidan kan dutse: sama, baya ko gaba?

"Assalamu alaikum Injiniya. Gidanmu na gado ne, a kan dutse a nan Makka, marigayi Baba ya gina shi tun ban san kaina ba. Ɗaki uku ne da madafa da banɗaki. Mota ba ta zuwa ƙofa, sai an taka matakala sittin da wani abu. Bangon baya ya jingina da dutse, kullum cikin danshi yake, fenti yana ta ɓarewa. Kusurwar gaba kuma ta tsage. Yanzu ƙanena zai yi aure, Hajiya kuma ta ce ita ba inda za ta. Muna son mu gyara gidan mu ƙara ɗaki biyu. Wani ɗan kwangila ya ce mu ɗora bene, wani ya ce mu fasa dutsen baya, wani kuma ya ce a yi ciko a gaba a faɗaɗa. Wanne za mu ɗauka?"

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya kuma sanya albarka a auren.

Mutum ukun nan duk tambaya ɗaya suka amsa maka, wato ina za a sa ɗakin, kuma kowa ya faɗi abin da yake da kayan aikinsa ne. Mai injin fasa dutse, dutse zai gani. Ni abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka shi ne abu biyun da ka ambata a wucewa: danshin baya da tsagar gaba. Sai an san dalilinsu kafin a ce sama, ko baya, ko gaba. Na yi shekaru ina aikin irin waɗannan gidaje tsakanin Makka da Ɗa'ifa, kuma galibin kuɗin da na ga an yi asara a kansu, an kashe su ne a kan ɗaki mai kyau da aka ɗora wa gidan da ba a bincika ba.

Takarda tukuna

Kafin ka sayi buhun siminti ɗaya, ka duba sakkin gidan, wato takardar mallaka. Da sunan wa take? Idan har yanzu da sunan Baba ce, sai an fitar da takardar da ta ƙididdige magada, sauran 'yan'uwa su ba ka wakilci, wanda yanzu ta manhajar Najiz ake yinsa. Lasisin gini kuma ta manhajar Balady ake nema, ta hannun ofishin injiniyoyi mai rajista, kuma izinin gyara daban ne da izinin ƙari. Sannan ka je baladiya, wato hukumar gari, ka tambayi matsayin unguwarku. Duk wanda ya zauna a garin nan ya ga yadda gidajen Jabal Umar da ke kusa da Harami suka tafi, ya ga abin da aikin babban titin nan na cikin Makka da ake kira Masar ya cinye, ya kuma ji labarin unguwannin Jidda da aka rushe a 2021 da 2022. Idan unguwarku tana cikin waɗanda aka sa wa alama, to ka tsaya a gyaran da zai tsare lafiyar mutanen gida kawai. Ƙarin da aka yi ba lasisi kuwa yana jawo tara, ana iya sa ka rushe shi da kuɗinka.

Abin da gidan yake zaune a kai

Iyayenmu da suka hau duwatsun nan, ciki har da waɗanda suka ratso Chadi da Sudan a ƙasa suka tsallako teku ta tashar Sawakin, kusan hanya ɗaya suka bi wajen gini. Filin kwari yana da masu shi, ga tsada, ga ambaliya. Sai mutum ya sami gangare, ya sare ta baya gwargwadon ƙarfin gudumarsa, ya turo ɓaraguzan gaba, ya tare su da katangar duwatsu, ya baje ya daɓe. Da ido wurin ya zama shimfiɗa ɗaya. A ƙasa kuwa abu biyu ne: rabin baya yana kan dutse mai rai, rabin gaba yana kan ciko. Dutsen Makka, giranit da danginsa, idan lafiyayye ne ya fi kankaren da muke zubawa ƙarfi ninkin ba ninkin, ba ya lotsawa ko kaɗan. Ciko kuwa yana lotsawa a hankali, kuma duk ran da ruwa ya shige shi sai ya ƙara zama. Gefe ɗaya ya tsaya, gefe ɗaya ya sauka, bango ba roba ba ne, sai ya tsage. Ina kyautata zaton labarin kusurwarku ke nan.

Abin da za a sani shi ne ko tsagar ta mutu ko tana raye. Wannan kai ma za ka iya gwadawa. Ka kankare fenti da filasta a wuri uku a tsawon tsagar, ka kwaɓa jibis, wato farin garin da ake adon silin da shi, ka shafa shi siriri ya haye ta kamar gada, ka rubuta kwanan wata a gefe. Ka riƙa dubawa duk mako biyu har wata biyu ko uku, in da hali a haɗa da lokacin da aka yi ruwan sama. In jibis ɗin bai motsa ba, tsohon ciwo ne da ya warke, ɗinki kawai yake so. In ya tsage, gidan yana tafiya. Ka kuma lura ko tsagar ta fi faɗi ta sama, ko ƙofar ɗakin ta fara cijewa, ko tayil yana amsa kuwwa idan an ƙwanƙwasa. Uwa uba ka sauka ƙasa ka kalli katangar da ta tare cikon. Idan ta yi ciki, ko duwatsunta sun fara zamewa, ko tsagar tana buɗewa daga mako zuwa mako, kada wani ya ƙara kwana a ɗakin nan, ka kira injiniya a ranar.

Bayan wannan sai ramin gwaji. Akalla uku, a jikin harsashin gini: ɗaya a baya, ɗaya a tsakiya, ɗaya a kusurwar da ta tsage, kuma ɗaya bayan ɗaya ake haƙa su ana mayarwa, ba a buɗe ƙarƙashin bango gaba ɗaya. A nan zan ba ka labarin kuskurena. Farkon fara aikina na sa an haƙa irin wannan rami, ba a yi ƙafa biyu ba diga ta fara tartsatsi. Na ce alhamdu lillahi, mun sami dutse, na ba da izinin kafa ginshiƙi. Wani dattijon birkila da ke wurin ya ce in bari a ɗan faɗaɗa ramin. Da aka faɗaɗa, ashe wani ƙaton dunƙule ne, girman ƙaramar mota, zaune a cikin ƙasa mara ƙarfi. Da na ɗora masa nauyi da tare za su gangara. Tun daga ranar ba na yarda da dutse sai an huda shi da injin huda an wuce mita guda ana jin abu ɗaya.

Danshi a garin da ba ruwa

Ruwan saman da ke sauka a Makka a shekara bai wuce milimita ɗari da 'yan kai ba, mafi yawansa tsakanin Nuwamba da Janairu. Saboda haka bangon da yake jiƙe a watan Yuli ba ruwan sama ne ya jiƙa shi ba. A gidajen gangare, abin da na fi samu shi ne bayyarar maƙwabcin sama, wato ramin da ruwan banɗakinsa ke taruwa. A cikin dutse ruwan ba ya samun ƙasar da za ta shanye shi, sai ya bi tsagogi ya gangaro, ya ɓullo a bayan ɗakin wani. In ba ita ba, to hazzan ne yake yoyo, wato tankin ruwa na ƙasa, naku ko nasu, ko wani tsohon bututu, ko ruwan na'urar sanyaya ɗaki da yake ɗiga dare da rana a wuri ɗaya. Hanci yakan raba gardama. Na hazzan kuma, ka rufe duk famfunan gida da daddare, ka yi alama a bakin ruwan, da asuba ka duba.

Idan ta tabbata daga maƙwabci ne, a bi shi da lalama, a tafi da wani babba da yake jin nauyinsa. Sau da yawa shi ma bai sani ba, kuma na sha ganin ya fi sauƙi mai gidan ƙasa ya taimaka da wani abu a gyara ramin sama, da ya yi ta canjin fenti duk shekara.

Abin da ba na so ka yi shi ne abin da kowa yake yi: manna tayil a bangon. Tayil ɓoye ciwo yake yi. Ruwan yana nan a baya yana cin rodi, sannan ya hau sama ya fito inda tayil ya ƙare. Maganin gaskiya shi ne a raba bango da dutse. A buɗe lungu a tsakaninsu, faɗin da mutum zai iya shiga ya share, a yi masa kwata mai gangara, a shafe bayan bangon da kwalta a manna masa shimfiɗar hana ruwa. Inda ba za a iya barin lungun a buɗe ba, a kwantar da bututu mai huji-huji a ƙasan, a cika da tsakuwa wankakkiya. In kuma buɗewar ba ta yiwuwa sam, sai a yi bango na biyu ta ciki, a bar tazara da 'yar kwata a tsakani. Ɗakin zai ragu da kamar taƙi ɗaya, amma zai bushe.

Kada ƙarancin ruwan sama ya ruɗe ka. Ba ya zuwa, amma ran da ya zo a awa ɗaya yake sauke na watanni, kuma dutse ba ya sha. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 80, a ruwan milimita 50, lita 4,000 ke nan, tan huɗu, ban da wanda zai gangaro muku daga duk abin da yake samanku. Manyanmu suna ba da labarin ambaliyar 1941 da har aka yi ɗawafi da iyo, ta Jidda ta Nuwambar 2009 kuwa, wadda ta ci rayuka sama da ɗari, a idonmu aka yi. Don haka a yi kwata ta tare ruwa tun daga saman gida, a zagaya da shi gefe, a kai shi hanyar ruwa ta unguwa. Ba a sakar wa na ƙasa shi. Hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma ko ba don wannan ba, ruwan da ya kwashe ƙasar maƙwabcinka na ƙasa, ƙasar da ta tallafe katangarka ya kwashe.

Hanyoyin uku

Ciko a gaba shi ne mafi arha a baki, mafi tsada a ƙarshe, kuma shi zan fara sokewa. Maimaita abin da ya tsaga gidan ne, a girma. Sabon ciko yana son sabuwar katanga da ta fi ta da tsawo, kuma turin ƙasa ba ya tafiya daidai da tsawo. Katanga mai mita 4, turin da take sha ya ninka na mai mita 2 sau huɗu, ƙarfin da yake neman kifar da ita kuma sau takwas. Idan ruwa ya taru a bayanta, nauyin yakan ninka ko fiye. Shi ya sa katangar tare ƙasa ba aikin bulo ba ce, kankare ne da rodi da lissafi, da tsakuwa a bayanta, da 'yan kafofin tsiyaya a jere a ƙasanta. Duk katangar da ka gani ba waɗannan kafofi, madatsar ruwa ce mai jiran ranarta. In dole sai an yi gaba, to ba a kan ciko ba: a sauke ginshiƙai har kan dutse mai rai, a sassaƙe dutsen ya zama matakala don kada ƙafar ginshiƙi ta zauna a karkace, a huda a dasa rodi a ciki da gam ɗin da aka yi don haka, a bar ƙarƙashin ɗakin fayau. Kuma kada a ɗaure sabon gini da tsoho. A bar tazarar santimita 2 a tsakani a toshe da abu mai laushi, kowa ya motsa shi kaɗai.

Fasa baya yana da daɗinsa, domin ɗakin zai zauna a kan dutse, kuma aikin lungun danshi da ma sai an yi shi. Haɗarinsa biyu ne. Na farko, dutse yana da jijiya. Idan tsagoginsa sun kwanto ne suna kallon gidanku, sare gindinsu kamar zare littafin ƙasa ne daga tarin da ya karkace; na sama zai biyo. Idan kuwa sun nutsa cikin dutsen ne, sara ba ta da matsala sosai. Wannan ido yake gani, idon wanda ya sani. Na biyu, wa ke sama? Idan harsashin maƙwabci yana kusa da bakin inda za a sare, ka taɓa abin da gidansa ya dogara a kai. Nakiya ba ta cikin lissafi a tsakiyar gidaje, babban injin fasa ba zai hau matakala sittin ba, ƙaramin na hannu kuma girgizarsa ba ta yi wa tsohon bango daɗi. Abin da na fi amfani da shi shi ne wani garin sinadari mai kumbura: a jera huji, a dama a zuba, ya kwana ya tsaga dutsen ba ƙara. Sai dai a zafin Makka yakan yi tsartuwa ya feso daga ramin, don haka a nemi samfurin da aka yi don zafi, a zuba da sanyin asuba, kada kowa ya leƙa ramin. Ka kuma sa a ranka cewa dutse idan ya fashe yana ƙara auki da kusan rabi, kuma duk sai an sauko da shi a ka. Ɗakin da zai fito kuma duhu gare shi da rashin iska, sai an bar masa fili ta sama.

Saura sama. Ba ya taɓa ƙasa, ba ya taɓa maƙwabci, amma duk nauyinsa a wuyan tsohon gini yake. Rufin kankare mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kilo 360 a kowane murabba'in mita. Ɗaki ɗaya mai mita huɗu-huɗu, rufinsa kaɗai ya kusa tan shida, ba a zo ga bango da tayil da kaya da mutane ba. Gidajen wancan zamani da yawa ba su da ginshiƙi, bango ne ke ɗauke da rufi. Masu ginshiƙin ma, an sha kwaɓa kankarensu da yashin da ba a wanke ba da ruwa mai gishiri, rodi ya yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take yi ta fasa kankare daga ciki. Ka ɗaga kai ka dubi silin, musamman na banɗaki da madafa: in ka ga layin tsatsa ko ɓawon kankare yana faɗowa, an fara. Ɗakin gwaji zai iya yanko ɗan kankare daga rufin da ginshiƙi a matse shi a ga ƙarfinsa, a kuma fasa wuri kaɗan a ga lafiyar rodi. Kuɗin wannan gwaji bai kai kuɗin kujerun amarya ba.

Da gidan nawa ne, kuma gwaji bai nuna wani mugun abu ba, ga yadda zan yi. In kashe danshi, in tsayar da kusurwar gaba ta hanyar sauke harsashinta kan dutse gaɓa-gaɓa, sannan in ɗora mulhak mara nauyi, wato ƙarin ɗakunan saman rufi, a kan rabin baya kawai, inda ƙasa dutse ce. Gangar jikinsa ƙarfe, bangonsa farin bulon nan mara nauyi da yake yawo a kan ruwa, ko allo mai soso a tsaki, rufinsa ma haka. Idan tsohon bango ba abin yarda ba ne, ƙafafun ƙarfen su sauka ta waje har kan dutse, sabon ginin ya tsaya da ƙafarsa ya yi wa tsohon rumfa. Gini mara nauyi yana son abu biyu: abin tare zafi mai kauri, wanda da ma ƙa'idar gini ta Saudiyya ta wajabta shi, in ba haka ba amarya za ta gasu, da ɗauri mai ƙarfi, domin iskar da ta kayar da kireni a Harami a Satumbar 2015 ta isa ta nuna irin guguwar garin nan. Tankin sama kuma, mai lita 2,000 tan biyu ne, a zaunar da shi a kan bango ko ginshiƙi, ba tsakiyar rufi ba.

Wannan tsari ya kuma dace da zaman gida. Ango da amarya su hau sama da matakalarsu ta waje, ba sai sun ratsa tsakar gida ba. Hajiya ta zauna a ƙasa, a ɗakin da ya fi kusa da ƙofa, a daidaita mata banɗaki ba tudu, a sa mata abin dafawa a bango da kuma gefen matakala. Sittin ɗin waje ma sun ishe ta.

Dako da lokaci

Matakalan nan su ne za su ci kuɗinka a ɓoye. Kubik mita ɗaya ta kankare tan 2.4 ce, sawu 48 ke nan idan kowane lebura yana ɗaukar nauyin buhun siminti. Rufin ɗaki ɗaya ya haura sawu 100. Wannan ma wani dalili ne na zaɓar ƙarfe da farin bulo. Inda sai an zuba kankare, a tambayi masu famfon da ke tura shi ta bututu daga titi, ko a kafa ƙaramin injin jan kaya. A rubuta a takardar kwangila ƙarara wa zai biya hawan kaya, wa zai biya saukar ɓaraguzai, domin a nan rigima take fara tashi. Biya kuma gaɓa-gaɓa, bayan injiniya ya duba rodi kafin a rufe shi. Duk kankaren da zai taɓa ƙasa a yi shi da siminti mai jure gishiri, a bar wa rodi rigar kankare ta santimita 7 da rabi inda aka zuba kai tsaye a kan ƙasa. A zuba da dare ko da asuba, a yi ta ba shi ruwa kwana bakwai a rufe da buhu.

Ka kuma duba kalanda. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku. Goman ƙarshe na azumi da lokacin aikin Hajji kuwa ka san yadda gari yake, hanya a cushe, ma'aikata sun tafi hidimar alhazai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan an riga an sa ranar biki kusa, gara ango ya kama haya na 'yan watanni da a matsa wa kankare ya bushe don 'yan kai amarya.

Duk wannan daga wasiƙa nake magana. Kwanciyar jijiyar dutse, zurfin ciko, da ƙarfin tsohon rufi, abubuwa ne da sai an tsaya a kansu an taɓa, kuma lissafin ƙarfe da rodi sai injiniyan da zai sa hannu a zanen ya ɗauki alhakinsa. Ka sami wanda zai hau matakalan nan da ƙafarsa, ba wanda zai zana daga ofis ba. Kafin nan ka shafa jibis ɗin yau, ka yi wa hazzan alama da daddare. In za ka turo hoto, wanda na fi bukata shi ne na katangar gaba, a ɗauke shi daga gefe, daga wajen maƙwabcinku na ƙasa, da igiya mai dutse a rataye daga samanta don in ga ko ta yi ciki.